Koko biyu: yadda gwangwanin kayan shayi ya sami sunan magani a ƙasar Zamfara

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a babban asibitin Anka ko na Gummi ya san abin da ake tararwa a gefen gadon majinyaci: filas na ruwan zafi, gwangwanin madara, kwalin sukari, sai kuma gwangwanin Bournvita ko Milo. Haka abin yake a ɗakin mai jego, haka kuma a akwatin ɗalibin da za a mayar makarantar kwana. Kayan shayi ake ce musu, ko da babu ganyen shayi ko ƙwaya ɗaya a cikinsu. Wanda ya kai ya nuna ya san ya kamata, wanda aka kai wa kuma yana da yaƙinin an kawo masa abin da zai mayar masa da jini da ƙarfi. Da wuya a sami likitan da ya rubuta wannan a takardar magani, amma kowa ya yarda da shi. Wannan yarda tana da tarihi, tarihin kuma ya girmi zuwan Turawa ƙasar Hausa da ƙarnuka.

Akwai wani ruɗani na harshe da ya kamata a kawar tun da farko. Bahaushe yana da kokonsa tun kaka da kakanni: gero ko dawa da aka jiƙa, aka niƙa, aka tace, aka bar gasarar ta kwana ta yi tsami, sannan aka dama da tafasasshen ruwa a sha da ƙosai. Sai ga 'ya'yan wata bishiya daga wata nahiya, sunanta ya faɗo bakin Bahaushe shi ma a matsayin koko. A rubuce ba su da bambanci. A wajen amfani ma sukan haɗu, domin dukansu da zafi ake shan su, da safe, kuma dukansu ana ba mara lafiya. Sai dai ɗaya abincin gida ne da ba a taɓa kashe ko anini wajen yi masa talla ba, ɗayan kuwa talla ce ta gina fiye da rabin darajarsa.

Asalin bishiyar koko kurmin Amazon ne, a Kudancin Amurka. Masu haƙo kayan tarihi sun gano burbushinsa a jikin tukwane a kudancin ƙasar Ekwado, masu shekaru kimanin 5,300. Mutanen Maya da na Aztek, a inda yanzu ake kira Meziko da Gwatamala, su ne suka mayar da shi abin shan sarakuna da mayaƙa. Nasu bai san sukari ba, bai san madara ba. Sukan soya ƙwayar su niƙa, su dama da ruwa, su zuba barkono da garin masara, su riƙa sheƙa shi daga wannan mazubi zuwa wancan har ya yi kumfa, kusan yadda mai shayi yake sheƙa shayi a yau. Ƙwayar kanta kuɗi ce a kasuwannin Aztek, kamar yadda wuri ya zama kuɗi a Kano da Katsina. Kuma tun a can an ɗauke shi magani: rubuce-rubucen da limaman Sifaniya suka tattara daga bakin mutanen ƙasar a ƙarni na 16 sun ambaci amfani da shi wajen zazzaɓi da kasala da ciwon ciki.

Da ya ƙetara teku zuwa Sifaniya, aka cire barkono aka zuba sukari da kirfa, amma sunan magani ya bi shi. A 1631 wani likita mutumin Andalus, Antonio Colmenero de Ledesma, ya wallafa littafi guda a kan cakulan da cututtukan da yake ganin yana warkarwa. Malaman cocin Katolika ma sun daɗe suna muhawara a kan ko shansa yana karya azuminsu, wanda ya halatta ruwa ya hana abinci, har wani babban limami, Brancaccio, ya ba da fatawa a 1662 cewa abin sha ba ya karya shi. Tambayar da suka yi ta ja a kanta ita ce ko abin da ke cikin kofin abinci ne ko kuwa ruwa ne mai daɗi, kuma ita ce dai tambayar da masana abinci ke yi a kan gwangwanin yau. Haɗa shi da madara kuwa ana danganta yaɗuwarsa a Ingila ga likita Hans Sloane, wanda ya zauna a Jamaika daga 1687. Masu sayar da magani ne suka fara sayar da irin haɗinsa.

Abin da ya sauya komai ya faru a Amstadam a 1828. Kusan rabin ƙwayar koko mai ne, shi ya sa abin shan mutanen da yake da nauyi da maiƙo. Gidan Van Houten suka ƙera matsi da ke tatse yawancin man, ya bar tunkuzar da ake niƙawa ta zama gari, tamkar yadda ake matse gyaɗa a fitar da mai. Suka kuma fito da dabarar wanke garin da wani gishiri mai aiki irin na kanwa ko ruwan toka, domin ya rage ɗaci, ya yi duhu, ya gauraya da ruwa cikin sauƙi. Daga nan koko ya sauko daga fada zuwa gidan leburan masana'anta. A Birmingham, John Cadbury, wanda ya buɗe kantinsa a 1824, ɗan ɗariƙar Kweka ne mai ƙyamar giya, kuma ya tallata koko a matsayin abin da zai raba ma'aikaci da mashaya. Ta haka gari ɗaya ya haɗa shaidar likita da ta mai wa'azi.

Hanyar kurmi

Turai ba ta iya noman koko, saboda bishiyar inuwa take so da ruwan sama mai yawa. Mutanen Fotugal suka ɗauko ta daga Birazil zuwa tsibiran Sao Tome da Firinsife a shekarun 1820, daga nan ta kai tsibirin Fanando Po. Wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya dawo da irinta ƙasar da ake kira Ghana a yau a wajajen 1879, a daidai lokacin da attajiran Legas irin su J.P.L. Davies suka fara dasa ta a Ijon, daga baya ta bazu zuwa Agege da Ibadan da Ondo. A 1909 kamfanin Cadbury ya daina sayen kokon Sao Tome bayan an fallasa aikin tilas da ake yi a gonakin can, ya karkata zuwa Ghana, wadda zuwa 1911 ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko. Kuɗin koko ne ya ɗauki nauyin ilmin firamare kyauta da gwamnatin Jihar Yamma ta fara a 1955, shi ne kuma ya gina dogon benen Cocoa House na Ibadan a 1965. Har yau Afirka ta Yamma ce ke samar da kimanin kashi biyu cikin uku na kokon duniya.

Bahaushe bai shigo wannan labari a matsayin mashayi ba tukuna. Ya shigo ne ta hanyar goro da cin rani. Goro da koko 'yan dangi ɗaya ne a ilmin tsirrai, kuma dukansu suna ɗauke da sinadaran nan biyu masu wartsakar da jiki, kafeyin da tiyoburomin, sai dai goro ya fi yawan na farko, koko ya fi yawan na biyu. Manoman Agege da Shagamu sun dasa goron Gwanja a gefen kokonsu, fataken Hausawa kuma suka kafa zango a Sabon Ibadan da Shagamu suna sayensa. A lokacin ranin 1952 zuwa 1953 aka ƙirga 'yan cin rani da ke fita daga Lardin Sakkwato, wanda Anka da Gummi da Bukkuyum ke cikinsa a zamanin, binciken da masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya rubuta a kai. Ya nuna maza masu ɗimbin yawa suna barin gida bayan girbi, da dama suna nufar ƙasar Yarabawa da Ghana neman kuɗin haraji da na aure. Kakannin masu shan Milo a Gummi a yau, da yawansu sun yi dakon buhun koko a kurmi ba tare da sun taɓa sanin ɗanɗanon abin da ake yi da shi ba.

Shi gwangwanin da aka sani yanzu haihuwar ƙarni na 20 ne, kuma a ɗakin jinya aka haife shi. A 1904, a birnin Bern na Suwizalan, Albert Wander ya fitar da Ovomaltine, haɗin tsiron sha'ir da madara da ƙwai da ɗan koko, domin marasa lafiya da masu rama. Da ya shiga Ingila a 1909 sunan ya koma Ovaltine. Cadbury ya biyo da Bournvita a wajajen 1930. A 1934, lokacin da karayar tattalin arzikin duniya ta bar yara da yawa ba sa samun isasshen abinci, wani ma'aikacin Nestlé a Ostireliya, Thomas Mayne, ya haɗa Milo, aka raɗa masa sunan wani shahararren ɗan kokawa na tsohuwar Girka, kamar dai a ce an sa wa abin sha sunan Shago. Abin lura a nan shi ne, ba ɗaya daga cikin ukun da aka gina a kan koko. Ginshiƙinsu tsiron hatsi ne da madara da sukari. Koko ya shigo ne don launi da ƙamshi, ya kuma shigo da tsohon sunansa na magani.

A Nijeriya, Nestlé ya fara kasuwanci a 1961, aka yi wa Cadbury Nigeria rajista a Janairun 1965 da masana'anta a Ikeja. Masu albashi ne suka fara ɗaukar gwangwanin zuwa arewa: malamin makaranta, akawun En'e, ma'aikacin jirgin ƙasa, soja. Kuɗin fetur da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 suka faɗaɗa da'irar, makarantun kwana suka koya wa yara ɗanɗanon, rediyo da talbijin suka haɗa shi da ƙarfin jiki da kaifin ƙwaƙwalwa da cin gasar wasanni. Gwangwanin da ya ƙare ma bai rasa aiki ba, ya zama ma'ajiyar daddawa, ko asusu, ko ma'aunin awo.

Sai kuma wani juyi da mutane kaɗan suka lura da shi. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kamfanonin da suka dogara da shi suka koma ga dawa, wadda arewa ke nomawa, suka koyi fitar da zaƙinta ta hanyar tsirar da ita, dabarar da matan Hausawa masu kunun zaƙi suka daɗe da sani. Ke nan wani kaso na abin da ke cikin gwangwanin yau hatsin arewa ne da ya tafi kudu a tirela ya dawo da sabuwar riga da sabon farashi. A 1993 madarar Cowbell ta shigo da 'yan ƙananan ledoji na sha ɗaya, sauran kamfanoni suka bi sahu, har kayan shayi suka isa teburin mai shayi a tashar kowane ƙauye. Daga nan haɗin kauri ya zama abin da ake gane mai hali da shi, ruwan bunu kuma ya zama na wanda aljihunsa ya yi sanyi.

Abin da ke cikin kofin

Doka ta tanadi a jera kayan haɗin abinci a jikin mazubinsa bisa yawansu, mafi yawa a farko. Mai karatu zai iya juya gwangwanin da ke gidansa ya ga inda sukari ya faɗo da inda koko ya faɗo. Haɗin yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma rigimar da aka yi a wasu wurare tana da darasi. A Ostireliya, Milo ya daɗe yana ɗauke da tambarin lafiya na taurari huɗu da rabi cikin biyar. Masu kare haƙƙin masu saye suka nuna cewa an kai ga wannan maki ne bisa zaton za a dama garin da madarar da aka cire wa mai, alhali garin shi kaɗai tauraro ɗaya da rabi ya cancanta. A 2018 kamfanin ya cire tambarin. A Indiya, wani bidiyo da ya bazu a intanet a Afrilun 2023 a kan yawan sukarin Bournvita ya jawo hukumar kare haƙƙin yara ta shiga maganar. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya rage sukarin da kusan kashi 15 cikin ɗari, a Afrilun 2024 kuma ma'aikatar kasuwanci ta umarci shagunan intanet su daina jera irin waɗannan a rukunin abin shan lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke ci a yini, wato kimanin giram 50, ko ƙaramin cokali goma sha biyu ga babba, in so samu ne ma a tsaya a rabin haka. Kofi ɗaya na haɗin kauri, mai cokali uku na gari, da madara mai zaƙi, da ƙwayar sukari uku ko huɗu, yana iya cinye yawancin wannan kaso kafin a taɓa burodi. Ga ma'aikacin ofis mai zama a kujera, wanda hawan jini ko ciwon sukari ya fara leƙowa, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Abin takaici, sau da yawa shi ne irin majinyacin da ake tara wa gwangwanaye a gefen gado.

Adalci dai shi ne a faɗi abin da kofin yake yi. Mara lafiyar da bakinsa ya ƙi abinci yana samun ruwa da kuzari daga abu mai ɗumi da zaƙi, kuma wannan taimako ne na gaske. Kamfanonin suna ƙara bitamin da sinadarin ƙarfe da kalsiyam a garin. Amma mafi yawan abin da ke gina jiki daga madara yake fitowa: kofi ɗaya na madarar shanu yana da furotin kimanin giram 8 da kalsiyam kimanin miligiram 300. In aka dama garin da ruwa zalla, ko da farin garin nan na man ja da sitaci da ake sayarwa da sunan madara, abin da ya saura bai wuce ruwan zaƙi mai launin ƙasa ba. Nonon da Bafulatana ke tallatawa a kasuwar Gummi, in an tafasa shi, ya fi kusa da abin da ake nema.

To ina maganar da ake yawan ji cewa koko yana gyara zuciya? Tana da tushe. Ƙwayar koko tana da wasu sinadarai da ake kira filabanol, masu taimaka wa jijiyoyin jini su saki. Likita Norman Hollenberg na jami'ar Harvard ya lura a shekarun 1990 cewa mutanen Kuna mazauna tsibiran Panama, waɗanda ke shan koko kofi da yawa a yini, hawan jini bai cika kama su ba ko da sun tsufa, alhali 'yan'uwansu da suka koma birni yana kama su. Daga nan bincike ya yawaita. Nazarin Cochrane na 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya sami raguwar awon jini da bai kai maki biyu ba. Babban gwajin COSMOS da aka fitar a 2022, mai mutum 21,442 a Amurka, wanda wani reshe na kamfanin cakulan na Mars ya taimaka da kuɗinsa, ya ba mutane miligiram 500 na filabanol kullum. Bai sami tabbataccen raguwar cututtukan zuciya gaba ɗaya ba, ko da yake mace-macen da suka shafi zuciya sun ragu da kashi 27 cikin ɗari, sakamakon da masu binciken kansu suka ce yana buƙatar ƙarin tabbaci. Kuma ƙwayar magani aka ba su, ba sukari ba madara. Daɗin daɗawa, wankin nan na Van Houten da ke cire ɗaci yana lalata fiye da rabin filabanol ɗin, domin shi ne ɗacin. Amfanin da aka gano a ɗakin bincike da abin da ke cikin 'yar ledar mai shayi, tsakaninsu akwai tafiya.

Inda maganar ta fi shafar Zamfara shi ne batun jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na ƙananan yaran Nijeriya suna da ƙarancin jini, a Zamfara kuwa kashi 84, mafi yawa a duk jihohi. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu kaso, ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci yana da nasa. Gwangwanin da ake saya don ƙarin jini yana ɗauke da wani cikas a cikinsa: gwajin da Richard Hurrell da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya nuna shan koko tare da abinci yana rage ƙarfen da hanji ke tsotsa da kimanin kashi 70 cikin ɗari, baƙin shayi ma ya fi haka. Bitamin C yana warware wani ɓangare na matsalar. Wani gwaji a kan yaran Jamaika a 1998 ya nuna ƙara shi a madarar cakulan ya ninka ƙarfen da jiki ke ɗauka kusan sau uku, shi ya sa masu haɗa garin suke zuba shi. Duk da haka, hanta da nama da kifi da wake da zogale sun fi zama hanyar da za a dogara da ita.

Wannan ba yana nufin kokon gida ya wanke tas ba. Tsamin da gasara ke yi yana rage sinadarin hatsi mai riƙe ƙarfe, wannan alheri ne. Amma koko tsararo, wanda aka tsinka da ruwa don ya isa kowa, yana cika cikin yaron da aka yaye ba tare da ya ba shi abin kirki ba, kuma tamowa takan fara daga nan. Sai an ƙara masa gyaɗa ko waken suya ko nono ko ɗan mai yake zama abincin yaye. Kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego ma yana da nasa tarihin: a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa da suke gani da gishirin kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta.

Dalma, da abin da ya biyo baya

Akwai wani wuri da tarihin koko da na yammacin Zamfara suka gamu ta hanyar da ba wanda ya zata. A 2005 wasu masana, cikinsu har da Jerome Nriagu ɗan asalin Nijeriya, suka auna dalma a ƙwayar koko daga gonakin kudancin Nijeriya. Suka tarar ƙwayar a gona tana cikin abinci mafi tsabta da aka taɓa aunawa, amma garin koko da cakulan da aka sarrafa suna da dalma ninkin-ba-ninkin. Gubar tana shiga ne bayan girbi, wajen shanya da jigila da sarrafawa, kuma sun yi zargin hayaƙin fetur mai dalma yana da hannu, domin ɓawon ƙwayar yana zuƙar ta. Adadin dai ƙanƙane ne, ana auna shi da kashi cikin biliyan, ba abin da zai hana kowa shan kofinsa ba.

Shekara biyar bayan haka, a Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana cike da dalma, kuma a cikin gidaje ake daka shi, a turmi da injin niƙa, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A Dareta ta ƙasar Anka da Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, binciken da aka yi ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin ta kai aƙalla 400, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Nazarin da ya biyo baya ya gano cewa hatsi ma ya zama hanyar gubar, kuma kamar koko, ba daga gona ba: wajen sussuka da shanya da niƙa ƙurar ke shiga. Kokon da uwa ta dama wa ɗanta da hannunta yana iya ɗauke da ita.

Abin da ya haɗa wannan da batun abinci shi ne yadda jiki ke karɓar dalma. Yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa, kuma hanjin da ke ƙishin ƙarfe da kalsiyam ya fi saurin ɗaukar ta, haka ma cikin da ba kowa a ciki. Abinci ba ya maganin gubar dalma, wannan aikin kwashe ƙasa ne da ƙwayoyin da ke fitar da ita daga jini. Amma a wurin da yara 84 cikin ɗari ke da ƙarancin jini, abin da naira ɗaya ta saya wa yaro da safe yana da nauyin da ba shi da shi a Legas ko Landan. Nauyin ya ƙaru tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, farashin koko a kasuwar duniya kuma ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya a Maris na 2024, karo na farko a tarihi. Kuɗin babban gwangwani guda yanzu yana sayen mudun gyaɗa da na waken suya da ƙwai masu dama.

Cakulan ya taɓa ceton yaran wannan yanki da gaske, amma ta bayan gida. Har tsakiyar shekarun 1990, yaron da tamowa ta yi wa tsanani sai an kwantar da shi asibiti ana ba shi wata madara ta musamman da ake damawa da ruwa mai tsabta, abin da ƙauyuka da yawa ba su da shi. Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, ya lura da kwalbar Nutella, wato cakulan ɗin shafa wa burodi, ya ga cewa abu mai maiƙo wanda babu ruwa a cikinsa ƙwayoyin cuta ba sa iya hayayyafa a ciki, kuma ba ya buƙatar dafawa. A 1996 shi da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa Plumpy'Nut a kan wannan tsari. Suka ɗauki siffar suka bar kokon: gyaɗa ce niƙaƙƙiya, da garin madara, da mai, da sukari, da bitamin da ma'adinai. A yunwar Nijar ta 2005, MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 da shi, yawancinsu a yankin Maraɗi, kuma yawancinsu a gida a hannun uwayensu. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya.

Shi ne abin da ake kira maganin tamowa a cibiyoyin ciyar da yara na Gummi da Talata Mafara da Shinkafi da Zurmi, inda rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu. A gwajin da aka yi a Shinkafi da Zurmi a Yunin 2024, an tarar da kusan yaro ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Layin dogon da ya iso Gusau da Ƙaura Namoda a 1929 an shimfiɗa shi ne musamman don kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Yau gyaɗar ce ke dawowa a leda mai nauyin giram 92, kowace ɗaya da kuzarin kalori 500, ana ƙirga wa uwa na mako guda a ce ta dawo a sake auna damtsen yaron.